Tarihin iskar da ke cikin firij

Kafin firij ya yawaita a Garwa, randa ce ke sanyaya ruwa, kifin Binuwai kuwa sai banda. Da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, wutar lantarki ta ƙaru a arewacin Kamaru, firij ya bazu a shaguna da asibitoci, inda ake ajiye allurar rigakafi.

Sanyin nan iskar gas ce ke kawo shi. A lokacin CFC ake ɗurawa, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1928. Da aka gano tana huda lemar ozon mai tare hasken rana mai cutarwa, sai yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina ta. Aka koma HFC, irin su R-134a. Ita ba ta taɓa lemar, amma kilonta ɗaya na ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon. Shi ya sa a 2016 ƙasashe suka amince a Kigali a rage ta.

Ni dai ina ganin mu da zafin Afrilu ke haura maki 40, mu ya kamata mu fara tambayar mai gyaran firij: tsohuwar iskar da ya cire, ina ya kai ta?