Daga Kamfas zuwa Allon Jagora: Tarihin Yanke Da'ira a Jikin Katako

Gabatarwa

Zana da'ira abu ne mai sauƙi, domin ko yaro ya sami ƙusa da zare zai zana ta a ƙasa. Fitar da ita daga jikin katako, ta fito sumul ba tudu ba kwari, shi ne aikin da ya daɗe yana wahalar da masu sana'a. Dalili kuwa shi ne zarto miƙaƙƙen ƙarfe ne mai son tafiya sak, ita kuma da'ira ba ta da wuri ko ɗaya da ta miƙe. Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin yadda aka sasanta waɗannan abubuwa biyu, tun daga zamanin gatari da gizago har zuwa injin da za a kira zarton ɗamara, da ɗan allon da ake ɗora masa don yanke da'ira, wanda za a kira allon jagora. A ƙarƙashin labarin akwai tambayar da ta shafi duk mai ruwa da tsaki a ilmin sana'a: idan gwaninta ta tashi daga hannun mutum ta koma jikin kayan aiki, me aka samu, me kuma aka rasa?

Zamanin Ido da Hannu

Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙafafun amalanke na katako da aka sani ita ce wadda aka tono a shekarar 2002 a wata fadama kusa da birnin Ljubljana na ƙasar Sulobeniya, wadda ta haura shekara 5,000. Ita da irinta duk faya-fayai ne toshe, masu nauyi. A ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, zane-zanen birnin Ur na wajen shekara 2,600 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam sun nuna kekunan yaƙi masu ƙafafun da aka harhaɗa da falankai, aka sassaƙe su suka zama da'ira. Sai wajen shekara 2,000 kafin haihuwarsa aka fara samun ƙafa marar nauyi, mai sanduna da suka taso daga cibiya zuwa baki.

A duk tsawon wannan zamani hanyar aiki ɗaya ce. A kafa tsinke a tsakiya, a zana layi, sa'an nan a bi layin da makami, ido na auna, hannu na gyara. Masassaƙin ƙasar Hausa mai fafe akushi ko turmi da gizago bisa wannan tafarki yake, kuma kyan aikinsa ya dogara ga shekarun da ya yi a gaban maigidansa. Haka nan maƙeran ƙafar keken doki a Ingila, waɗanda George Sturt ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1923, da siririn zarton hannu da aka ɗaure cikin firam suke yanke gaɓoɓin bakin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Aibin hanyar a fili yake: tana cin lokaci, kuma da wuya faifai biyu su fito daidai wa daida.

Gudummawar Masana Lissafi

Masana sun riga masu sana'a gane sirrin al'amarin. Uƙulidus, wanda ya koyar a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa hujja cewa miƙaƙƙen layin da ya shafi gefen da'ira ba tare da ya ratsa ta ba, tilas ya yi kusurwa mai digiri 90 da layin da ya taso daga cibiya zuwa wurin da suka haɗu. An fassara littafinsa zuwa Larabci a zamanin Halifa Haruna Rashid. Daga baya Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998 kuma ya yi aiki a Bagadaza, ya wallafa littafi musamman kan abin da mai sana'a yake bukata na ilmin siffofi. Wannan ƙa'ida ta digiri 90 ita ce ginshiƙin allon jagora, kamar yadda za a gani nan gaba.

Darasin Portsmouth

Larura ce ta fara tilasta wa mutane su ɗora wa inji wannan aiki. A lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, rundunar sojan ruwan Ingila tana bukatar kimanin 100,000 a kowace shekara na 'yan akwatunan katakon nan masu faifai a ciki, waɗanda igiyoyin jirgi suke bi ta kansu. Babban jirgin yaƙi ɗaya yakan ci kusan 1,000. Wani injiniya haifaffen Faransa, Marc Brunel, ya tsara jerin injuna, Henry Maudslay ya ƙera su, aka kakkafa su a tashar jiragen ruwa ta Portsmouth tsakanin 1803 da 1805. Ɗaya daga cikinsu yana da zarto mai siffar gwangwani, wanda yake zagaye faifan, a lokaci guda kuma ana huda cibiyarsa. Ya zuwa 1808 ana fitar da kimanin 130,000 a shekara, kuma mutum 10 suna yin aikin da a da sai mutum 110 gwanaye. Sai dai irin wannan zarto girma ɗaya tak yake yankewa; in ana son wani girman sai a sake wani zarton.

Haihuwar Zarton Ɗamara

Wajen wannan lokaci ne wani mutumin Landan, William Newberry, ya karɓi takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata sabuwar dabara. Ya ce a sami siririn ƙarfe mai haƙora, a haɗe bakinsa biyu ya zama kamar ɗamara, a rataya shi bisa ƙafafu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su riƙa juya shi ba tsayawa. Tunanin ya yi kyau, amma ƙarfen zamanin ya kasa ɗauka. Yawan lanƙwasawa da miƙewa yakan karya shi, galibi daidai wurin haɗin. A Amurka ma Benjamin Barker na jihar Maine ya karɓi tasa takardar a 1836.

Kusan shekara 40 dabarar tana kwance, sai a 1846 wata Bafaransa, Anne Crepin, ta nemi takardar haƙƙi a kan hanyar haɗa bakin zarton yadda zai jure. Kamfanin Perin na birnin Faris ya sayi haƙƙin, ya haɗa shi da ingantaccen ƙarfe, daga nan injin ya bazu a Turai da Amurka. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 manya-manyansa sun shiga masana'antun tsaga gungume, domin siririn bakinsa ba ya mai da itace da yawa gari. A ƙarni na 20 kuwa, da ƙaramin injin lantarki ya yi araha, ƙananan zarton ɗamara suka shiga shagunan kafintoci da makarantun koyon sana'a, musamman daga shekarun 1930.

Fifikonsa wajen yanke da'ira iri biyu ne. Na farko, bakinsa siriri ne, yana iya bin lanƙwasa. Na biyu, haƙoransa ƙasa kawai suke yi, suna danne katako bisa tebur, ba su wurgo shi ga mai aiki yadda zarto mai faifai yakan yi. Duk da haka matsala ɗaya ta rage: in da hannu ake bin layi, rawar hannu za ta fito a jikin aiki.

Allon Jagora da Yadda Ake Yin Sa

Allon jagora kamfas ne da aka juya. A kamfas takarda tana tsaye, alƙalami yana zagayawa. A nan zarto yana wuri ɗaya, katako ne yake zagaya ƙusa. Ana samun allon filawud mai kaurin kimanin milimita 18, a manna masa siririn katako a ƙasa, wanda zai shige daidai cikin kwarmin da yake jikin teburin injin. Sai a kunna inji, a tura allon cikin zarto har ya tsaga shi zuwa wajen tsakiya, a kashe. A nan ake ɗaura ɗan katakon tokara, domin kullum allon ya tsaya a wannan wuri. Daga ƙarshen tsagar, daidai bakin haƙora, sai a ja layi mai kusurwar digiri 90. Bisa wannan layi ake kafa ƙusa, a bar kanta ya ɗan fito.

Tazarar da take tsakanin ƙusa da zarto ita ce rabin faɗin da'ira. Alal misali, mai son saman tebur mai faɗin santimita 40 zai kafa ƙusarsa santimita 20 daga zarto. Zai yanko katako mai kusurwa huɗu wanda ya ɗan ɗara haka, ya huda ɗan rami a tsakiyarsa ta ƙasa, ya kifa shi bisa ƙusar. Sai ya tura allon gaba har ya daki tokara, sa'an nan ya riƙa juya katakon sannu a hankali har yanka ya komo inda ya faro.

A nan ƙa'idar Uƙulidus take bayyana. Muddin ƙusa ta gota bakin haƙora, ko ta yi gaba ko ta yi baya, zarton zai riƙa kaucewa ciki ko waje, ƙarshen yanka ya ƙi haɗuwa da farkonsa. Har ila yau faɗin zarto yana iyakance ƙanƙantar da'ira. Mai faɗin milimita 6 yana iya bin lanƙwasar da rabin faɗinta ya kai wajen milimita 16, amma mai milimita 12 yana bukatar wajen 65. Dakusasshen zarto kuwa ba ya bin umarnin kowane allo. Wajibi ne kuma a sauko da marikin zarto kusa da katako, a nisanta yatsu daga layin yanka, kada a kwashe guntaye sai inji ya tsaya cik.

Kammalawa

Abin da aka samu a fili yake. Ɗalibin da ya yi mako guda a shago yana iya fitar da faifai 20 masu girma ɗaya, abin da a da sai wanda ya daɗe a sana'a. Abin da ake iya rasawa shi ma Portsmouth ta nuna shi, domin inda mutum 10 suka wadatar, sauran 100 sai su nemi wani abin yi. Amma kuskure ne a ɗauka gwaninta ta mutu. Wuri kawai ta sake, ta koma kan wanda ya san inda ƙusa za ta zauna da dalilin zamanta a nan. Saboda haka makarantar da ta koya wa yaro juya katako bisa allon da wani ya yi masa, ma'aikacin inji kawai ta yaye. Wadda ta sa shi ya auna, ya ja layinsa, ya ƙera allonsa, ya kuma gano kuskurensa in da'ira ta ƙi haɗuwa, ita ce ta yaye mai sana'a. Wannan bambanci ya cancanci kulawar masu tsara manhaja da jami'an da suke sayen injuna da dukiyar jama'a.