Tsakanin Maƙogwaro da Matsarmama: Tarihin Wani Ɓoyayyen Zumunci

A watan Yuli na 1882, a asibitin Lazarus da ke Barlin, likitan fiɗa Carl Langenbuch ya yi abin da ba a taɓa yi wa mutum mai rai ba. Ya cire wa wani mutum matsarmamarsa ɗungurungum, bayan mutumin ya shafe shekaru yana murƙususu da ciwon tsakuwa. Ya warke, ya koma gida, ya ci gaba da cin abincinsa. A daidai wannan lokaci, can a Siwizalan, wasu likitocin fiɗa suna ta cire wa masu maƙoƙo wata tsokar daban, wadda ke kwance a gaban maƙogwaro, wato tayirod. Su nasu aikin bai haifi ɗa mai ido ba. Jacques-Louis Reverdin na Janiba a 1882, sannan Theodor Kocher na birnin Bern a 1883, sun ba da rahoton cewa waɗanda aka cire wa tsokar duka sun koma wasu iri: fuska ta kumbura, fata ta bushe, sanyi ba ya sakinsu, magana da tunani sun yi nauyi, yara kuma girma ya tsaya musu.

Abin da likitocin zamanin suka tsinta daga nan shi ne, ɗaya ana rayuwa ba ita, ɗayar kuwa ba a iyawa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai abin da ya haɗa jakar da ke maƙale a ƙarƙashin hanta da tsokar da ke can sama a wuya. Sanin wannan ya zo ne gutsure-gutsure cikin shekara fiye da ɗari, kuma akasarin waɗanda suka kawo shi wani abin daban suka fita nema.

A wajen daɗewa a littattafan magani, matsarmama ta girmi tayirod nesa ba kusa ba. Likitocin Girka na da, tun daga Bukrata har zuwa Jalinusu, sun gina ilminsu ne a kan cewa jiki yana da ruwaye huɗu, kuma biyu daga ciki na matsarmama ne, rawaya da baƙi. Ibn Sina ya gaji wannan ya tsara shi a cikin Al-Ƙanun, wanda ya kammala a 1025, kuma ta hanyar littattafan ɗibbu na Larabci ne safra'u da sauda'u (wato rawayan da baƙin) suka iso zaurukan malamanmu. Ita kuwa tayirod sai a 1656 Thomas Wharton na Ingila ya raɗa mata suna, kuma cikin ayyukan da ya zata tana yi har da cike wuya don ya yi kyan gani, musamman ga mata. Haka nan aka bar ta kusan shekara ɗari biyu.

Gadar farko da ta haɗa su wani farin abu ne mai maiƙo. A ƙarni na 18 wani Bafaranshe, Poulletier de la Salle, ya narka tsakuwar matsarmama ya fitar da shi, kuma wajen 1815 Michel Chevreul ya sake nazarinsa ya ba shi sunan da ya zama kolestirol a yau. Ke nan abin da yanzu ake aunawa a jini ana tsorata masu hawan jini da shi, a cikin tsakuwar matsarmama aka fara ganinsa. A ɗaya ɓangaren kuma aikin tayirod ya fara fitowa fili. A 1891 George Murray na Niyukasil ya yi wa wata mata mai fama da mutuwar tayirod allurar ruwan da ya tatso daga tayirod ɗin tumaki; ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya. Edward Kendall na asibitin Mayo a Amurka ya ware ainihin sinadarin, tayiroksin, ranar Kirsimeti ta 1914, Charles Harington da George Barger kuma suka haɗa shi a ɗakin gwaji a 1927.

A 1930 ne likitoci uku na asibitin Lahey da ke Boston, Mason da Hunt da Hurxthal, suka wallafa abin da suka lura da shi: duk wanda tayirod ɗinsa ta yi sanyi kolestirol ɗin jininsa kan hau, wanda tasa ta yi zafi kuma nasa kan sauka. Abin ya tabbata har aka shafe shekaru ana amfani da awon kolestirol wajen gane ciwon tayirod, kafin a sami gwajin da ake yi yanzu. Dalilin sai daga baya ya bayyana. Hanta ce ke tsamo kolestirol daga jini, kuma sinadarin tayirod ne ke ƙara mata yawan ƙofofin da take tsamo shi da su. Jiki ba shi da wata babbar hanyar zubar da kolestirol sai ruwan matsarmama: wani ya fita yadda yake, wani hanta ta juya shi ya zama gishirin matsarmama, wanda ke narka maiƙon abinci a hanji. A 1968 William Admirand da Donald Small, su ma a Boston, suka nuna cewa tsakuwa tana samuwa ne idan kolestirol ya rinjayi gishirin da sauran abin da ke riƙe da shi a narke. Da aka jera waɗannan sani biyu, sai tambayar ta tashi da kanta: idan tayirod na da hannu a kolestirol, ashe ba ta da hannu a tsakuwa?

Kafin a kai ga amsar, sai aka gano cewa hanyar ba mai tafiya ɗaya ba ce. A farkon shekarun 1950, masu bincike a Bakle ta Kalifoniya, Taurog da Briggs da Chaikoff, sun bi sawun tayiroksin a jikin ɓeraye ta hanyar yi masa alama da aidin mai haskawa, suka same shi yana fita ta ruwan matsarmama. Hanta takan ɗaura masa wani abu ta sallame shi zuwa hanji, ƙwayoyin da ke zaune a hanjin su kwance wani kaso, jiki ya sake tsotse shi. A 1969 wasu likitocin Amurka suka ga amfanin wannan a aikace. Akwai wani garin magani, kolestiramin, da ake sha don ya kama gishirin matsarmama a hanji ya rage kolestirol. Sai ga masu shan ƙwayar tayirod ciwonsu na dawowa da zarar an ɗora su a kansa, domin garin bai bambanta ba, har tayiroksin ɗin yake kamawa. Shi ya sa har gobe ake ce wa mai shan su biyun ya bar aƙalla awa huɗu tsakani. Daga baya likitoci suka juya illar ta zama magani, suna ba da garin ga wanda sinadarin ya yi wa yawa don ya janye shi ta hanji.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan tarihi shi ne na rini. A 1924 Evarts Graham da Warren Cole na Sen Luwis suka ƙirƙiro hanyar ɗaukar hoton matsarmama. Ana ba mutum wani sinadari da hanta ke turawa cikin jakar, ya taru a can, sai ta fito a hoton eksire. Rinin da aka zauna a kansa mai aidin ne, kuma a farkon shekarun 1950 aka fito da na haɗiya mai suna Telepaque, wanda mutane masu ɗimbin yawa suka sha a jajibirin ɗaukar hoto. Ba wanda ya damu da abin da yake yi wa tayirod, illa dai an san yana ɓata awon aidin na jini. To a 1952 Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers a Landan sun gano cewa akwai sinadari na biyu, T3, wanda ya fi tayiroksin, wato T4, ƙarfi sosai. A 1970 Braverman da Ingbar da Sterling suka tabbatar cewa jikin mutum yana juya T4 ya koma T3 a wajen tayirod, ta hanyar cizge aidin ɗaya daga cikin huɗu. Kusan kashi 80 cikin 100 na T3 da ke yawo a jini haka yake samuwa, kuma hanta na cikin manyan wuraren da ake wannan aiki. A 1976 Hans Bürgi da abokan aikinsa a Siwizalan suka auna jinin waɗanda suka sha rinin hoton, suka ga T4 ya hau, T3 ya faɗi. Ashe rinin tare hanyar juyawar yake yi.

Nan da nan likitocin tayirod suka karɓe shi hannu bibbiyu. Wanda tayirod ɗinsa ta haukace, zuciya na bugawa ba ƙaƙƙautawa, ana son a shiga da shi tiyata cikin gaggawa, sai a ba shi rinin matsarmama, T3 ɗinsa ya sauka cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma da na'urar sikanin ta zo, aka daina buƙatar rini wajen ganin tsakuwa, kasuwarsa ta mutu, kamfanoni suka daina yinsa a ƙasashe da dama. Likitocin matsarmama sun sami abin da ya fi, na tayirod suka wayi gari ba wannan maganin.

Ita ainihin tambayar tsakuwa, a Tampere ta ƙasar Finlan aka fi zama a kanta. Akwai wani zoben tsoka a inda bututun matsarmama ke buɗewa cikin hanji, wanda ke tsukewa yana saki kamar mazagin wando. Wani ɗalibin likita ɗan Italiya, Ruggero Oddi, ne ya bayyana shi a 1887, kuma sunansa yake ɗauke da shi. Likitocin fiɗa na Tampere, Juhani Sand da Isto Nordback da Johanna Laukkarinen da sauransu, sun lura wajen 2000 cewa masu tsakuwa a cikin bututun, ba a jakar kaɗai ba, sun fi yawan tarihin sanyin tayirod. Suka yanko zoben daga aladu, daga baya har na mutane, suka sa a ruwan gwaji, suka ga tayiroksin na sa shi saki. Suka kuma nuna cewa ruwan matsarmama na jinkirin sauka hanji idan sinadarin ya yi ƙaranci. Ruwan da ya kwanta kuwa shi ke yin laka, laka ta zama tsakuwa. A binciken da suka wallafa a 2007, kusan 5 cikin 100 na masu tsakuwar bututu an same su da ɓoyayyen sanyin tayirod, wanda bai kai ga nuna alamu ba, alhali a cikin waɗanda aka gwada su da su abin bai kai 2 cikin 100 ba. Tazarar ta fi faɗi a mata da suka haura 60.

A duba lambobin da kyau. Biyar cikin ɗari na nufin casa'in da biyar tayirod ɗinsu ba ta cikin lissafin. Kuma wani babban bincike da Henry Völzke ya jagoranta a arewa maso gabashin Jamus, wanda ya fito a 2005, a maza ya ga alaƙar, bai gan ta a mata ba. Zumuncin gaskiya ne, amma na nesa ne. Ƙiba, da yawan haihuwa, da shekaru, da ramewa farat ɗaya, da gado, duk sun sha gabansa. A ƙasashenmu ma akwai wani sanadin da ba ruwansa da kolestirol ko tayirod, wato sikila. Yawan fashewar jan jini na cika ruwan matsarmama da launin da ke kawo shawara, ya dunƙule ya zama baƙar tsakuwa, wani lokaci tun mai ita yana yaro. Maƙoƙon da iyayenmu suka sani kuwa na rashin aidin ne, abin da ya sa Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993.

A 2006 labarin ya sake juyawa. Mitsuhiro Watanabe da Johan Auwerx da abokansu a Sitirasbog ta Faransa suka wallafa a mujallar Nature cewa gishirin matsarmama ba narka maiƙo kaɗai yake yi ba, saƙo ne kuma. Kusan 95 cikin 100 nasa jiki na sake tsotsewa a ƙarshen ƙaramin hanji, ɗan kaɗan ya zagaya cikin jini, ya taɓa wata ƙofa mai suna TGR5 a jikin kitse mai ruwan ƙasa, irin wanda ke ƙona abinci ya ba da ɗumi. Taɓawar na tayar da sinadarin da ke juya T4 zuwa T3 a cikin kitsen. Ɓerayen da aka haɗa wa abinci mai maiƙo da gishirin matsarmama ba su yi ƙiba kamar 'yan'uwansu ba. A 2015 aka gwada a Mastirik ta Holan da mata 12, aka ga kitsen nasu ya ɗan ƙara aiki.

Wannan binciken ne masu tallar ƙwayoyi a intanet suka riƙe, suna cewa wai duk mai kasala da ƙiba matsarmamarsa ce ta toshe ta hana tayirod aiki, sai ya sayi garin matsarmamar sa, ko ya yi wankin matsarmama da man zaitun da lemun tsami. Daga ɓera da mata goma sha biyu zuwa wannan da'awa tafiya ce mai nisa. Koren dunƙulen da ke fita bayan irin wannan wanki, wasu masana a Niyuzilan sun auna shi a 2005 suka tarar ba tsakuwa ba ce, man da aka sha ne ya haɗu da ruwan ciki ya zama sabulu. Wanda aka cire wa jakar ma ruwan bai tsaya masa ba, tunda hanta ce ke yinsa, rabin lita zuwa lita guda kullum. Jakar ajiya ce kawai.

Inda sanin ya yi amfani na haƙiƙa shi ne wajen ƙera magani, ko da yake an sha faɗuwa. An gwada wani ɗan'uwan tayiroksin don rage kolestirol a wani babban gwaji na masu ciwon zuciya a Amurka, aka dakatar da shi a 1971 saboda masu shansa sun fi mutuwa. Abin da ke zaburar da hanta yana zaburar da zuciya. Da aka gano cewa ƙofar da sinadarin ke shiga a hanta ta bambanta da wadda ta fi yawa a zuciya, sai aka koma neman wanda zai buɗe ta hantar kaɗai. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko, Rezdiffra, don masu kitsen hanta da ya fara zama tabo. Yana rage kitsen, yana saukar da kolestirol. A cikin gargaɗin da ke takardarsa an rubuta cewa masu shansa sun fi samun tsakuwa da kumburin matsarmama fiye da waɗanda ba su sha ba.