Tarihin Bargunan Gee's Bend

Bargunan Gee's Bend mayafai ne na ƙyallaye waɗanda matan wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka suke ɗinkawa da hannu tun ƙarni na 19, uwa tana koya wa 'ya. Ƙauyen yana gundumar Wilcox, a wani lungu inda Kogin Alabama ya yi kwana ya kewaye ƙasar ta fuska uku. A takardun gwamnati sunansa Boykin tun 1949, amma mazaunansa, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, har yau tsohon sunan ne a bakinsu. Yanzu ana rataye waɗannan barguna a manyan gidajen adana kayan fasaha na Amurka, alhali sanyin hunturu ne ya sa aka fara ɗinka su.

Bargon hawa uku ne. Fuskarsa ƙyallaye ne da aka harhaɗa, cikinsa auduga, bayansa kuma shafi. Idan an shimfiɗa ukun a kan katakon da ke ɗame su, sai a bi da allura layi bayan layi a ɗinke su tare, don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Wanda ya taɓa duban lifidin doki da kyau ya riga ya san dabarar. Fuskar aikin mace ɗaya ce, ita kaɗai take yanka ta zaɓi abin da zai bi wani, galibi bayan an gama kaka. Ɗinke hawa ukun kuwa sau da yawa gayya ake yi masa: maƙwabta su zauna kewaye da katakon, allura tana tafiya, suna rera waƙoƙin coci.

Sunan wurin ya samo asali daga Joseph Gee, wani mai bayi daga North Carolina da ya kafa gandun auduga a nan a 1816. A 1845 gandun ya koma hannun Mark H. Pettway a madadin bashi, shekarar da ta biyo baya kuma ya taso da bayi kimanin 100, waɗanda suka tako wannan doguwar tafiya da ƙafa. Shi ya sa har gobe sunan Pettway ya fi kowane suna yawa a ƙauyen, sunan ubangida ne da ya manne wa zuriyar bayinsa. Da aka soke bauta a 1865 yawancinsu ba su tashi ba. Sun ci gaba da noma ƙasar a matsayin 'yan haya, suna kwana a ɗakunan gungume waɗanda iska ke ratsawa ta kowace kafa. Jaridu da shafukan mujallu ake liƙawa a bango a toshe kafofin, a kan gado kuma a jibga bargo kan bargo. Gida mai 'ya'ya goma yana bukatar barguna da yawa, kuma babu kuɗin sayen yadi.

Saboda haka abin da ke gida shi ne kayan aiki: wandon gona da ya mutu, tsohuwar rigar mata, buhun fulawa da na taki da aka wanke, wani lokaci har zaren da aka warware daga bakin buhun. Audugar ciki kuwa ragowar gona ce ko ta injin gurza, a buge ta da sanda har ta yi laushi. A bargunan kayan gona ana ganin inda gwiwa ta koɗe, ana ganin duhun shuɗi a gurbin da aka ɓamɓare aljihu, kuma matan ba su ɓoye waɗannan alamu ba, da su suka yi ado. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ambata shi ne na Missouri Pettway, wadda ta ɗinka shi a 1942 daga kayan aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa, don ta riƙa lulluɓa da shi.

Shekarun 1930 su ne mafi tsanani. Mutanen ƙauyen sun saba cin bashi wajen wani ɗan kasuwa a Camden, hedikwatar gundumar da ke tsallaken kogi, su biya da kaka. Farashin auduga ya faɗi zuwa wajen santi 5 kowace laba, bashi ya taru. Da ɗan kasuwar ya mutu a 1932, magadansa suka aiko aka kwashe dabbobi da kayan noma da abincin da aka adana. Ƙungiyar Red Cross ce ta ciyar da mutane a hunturun da ya biyo baya. A 1937 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta sayi ƙasar, ta gina sababbin gidaje da makaranta da asibitin sha-ka-tafi, a shekarun 1940 kuma ta sayar wa iyalan da gonakin. Wannan ya yi tasiri ƙwarai a kan ɗinkin, domin mallakar ƙasa ta zaunar da dangi wuri guda a lokacin da baƙaƙen fata na kudu ke tururuwa zuwa biranen arewa. Salo bai watse ba, tun da masu shi ba su watse ba. Hotunan da Arthur Rothstein ya ɗauka wa gwamnati a 1937 suna cikin tsofaffin shaidun rayuwar wurin.

Salon ne ya bambanta su da sauran masu wannan sana'a. A mafi yawan Amurka ana yaba bargon ƙyallaye idan kowane yanki ya yi daidai da ɗan'uwansa, kusurwa ta haɗu da kusurwa, zane ɗaya yana ta maimaituwa. Matan Gee's Bend sun san waɗannan ƙa'idoji, amma sun fi son manyan yanka da layuka dogaye da launi mai ƙarfi. Zanen da suka fi yi shi ne wanda suke kira Housetop, murabba'i cikin murabba'i kamar mutum yana kallon rufin ɗaki daga kwance, sai Bricklayer mai kama da jerin tubali. Mace takan fara da zanen da ta gada, sai a tsakiya ta karya shi, ta sa ja inda ido ke jiran shuɗi, ko ta bar layi ya karkace. Wasu baƙi sun ɗauki wannan a matsayin rashin gwaninta, kuma ba su yi wa matan adalci ba. Wanda ya jera bargunan gida ɗaya zai ga hannun uwa a aikin 'ya, zai kuma ga inda 'yar ta kauce da gangan.

Gwagwarmayar neman 'yancin zaɓe ta taɓa ƙauyen kai tsaye. Da mutanensa suka fara tsallakawa Camden don yin rajista, sai a 1962 aka dakatar da jirgin fito, tafiyar 'yan mintoci ta koma zagayen kusan sa'a guda a mota, ga mutanen da kaɗan ne cikinsu ke da mota. Jirgin bai dawo ba sai 2006. Martin Luther King ya zo ya yi wa'azi a ƙauyen a 1965, kuma da aka kashe shi a 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja amalanken gawarsa a Atlanta.

A wannan zamani ne ɗinkin ya fara kawo kuɗi. Wani limamin coci mai suna Francis X. Walter ya ga barguna a kan igiyar shanya a gundumar, ya riƙa sayen kowane ɗaya dala 10 ana gwanjonsu a New York, ribar tana komawa wajen matan. Daga nan aka kafa ƙungiyar gama-kai ta Freedom Quilting Bee a Maris 1966, a kusa da Gee's Bend, Estelle Witherspoon tana shugabantarta. Sun sayar wa kantin Bloomingdale's, a 1972 kuma suka sami kwangilar ɗinka rigunan matashin kai daga kamfanin Sears. Kasuwa tana son kaya iri ɗaya, awo ɗaya, don haka aikin ƙungiyar ya takura wa salon gida, wasu gwanaye ma ba su iya zama a cikinsa ba. Sai dai kwangilar Sears ta bar abin da ba a zata ba. Yadin da ake aikin da shi mai kauri ne, mai layi-layi, mai laushin karammiski, ragowarsa kuma matan sukan kai gida. Irin wannan yadi ba ya son ƙananan yanka, sai aka riƙa jera shi falle-falle, ja da ruwan ƙasa da kore da ruwan zinariya. Bargunan shekarun 1970 da aka yi da shi suna cikin mafi kyawun abin da ƙauyen ya fitar.

Duniyar masu fasaha ba ta waiwayo sosai ba sai ƙarshen shekarun 1990, lokacin da William Arnett, mai tara ayyukan baƙaƙen fata na kudu, ya ga hoton wani bargon Annie Mae Young a littafin mai ɗaukar hoto Roland Freeman, ya bi sawu har ƙofar gidanta. Ba da daɗewa ba kafin zuwansa ta ƙona wasu tsofaffin barguna, domin hayaƙin auduga yana korar sauro, har ta zaci wanda yake nema yana ciki, sai daga baya ta gano shi. Arnett ya sayi ɗaruruwa a ƙauyen. A 2002 aka buɗe baje kolin kimanin barguna 70 a gidan fasaha na Houston, daga can ya wuce gidan Whitney a New York. Mai sharhin jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya jera su da ayyukan masu zane Matisse da Klee. Yabo ne babba, amma yana da kyau a tuna cewa matan ba daga waɗannan Turawa suka koya ba, daga iyayensu mata ne da kakanninsu.

A 2003 suka kafa ƙungiyarsu ta sayar da kaya, Gee's Bend Quilters Collective. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki guda 10 masu hotunan bargunan. A 2015 Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway suka karɓi lambar girmamawa ta ƙasa da ake bai wa gwanayen fasahar gargajiya.

Batun kuɗi ne ya fi ciwo a wannan tarihi. Zanen bargunan ya hau darduma da zanen gado da sauran kayan kasuwa, farashinsu ya kai dubban daloli, amma Wilcox ta ci gaba da zama cikin gundumomi mafi talauci a Amurka. A 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suka kai Arnett da 'ya'yansa ƙara kan cewa ba a ba su haƙƙinsu ba, wasu matan kuma suka tsaya a bayansa suna cewa shi ya fito da su idon duniya. An rufe shari'ar a 2008 ba tare da an kai ga hukunci kan wanda ke da gaskiya ba. Gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ya kafa a 2010, ta miƙa ayyuka da dama ga gidajen fasaha, har da barguna 20 ga gidan Metropolitan na New York a 2014. A 2020 ta fara biyan masu ɗinkin da ke raye kashi 5 cikin 100 na kuɗin duk aikin da ta sayar, ta kuma taimaka musu wajen riƙe haƙƙin mallakar zanensu. Tun 2021 wasu daga cikin matan suna da shagunansu a dandalin Etsy, inda kowace take sa wa bargonta farashi da kanta, kuɗin kuma ya shiga hannunta ba tare da dillali ba.