Yadda Bizar H-1B Ta Koma Ƙuri'a Mai Tsada

A watan Nuwamba na 1990, shugaban Amurka George Bush babba ya sa hannu kan dokar shige da fice da ta tsara bizar H-1B yadda aka san ta yau. Kamfani ne ke nema wa ƙwararre mai digiri izinin aiki na shekara uku, a sabunta har shida. Majalisa ta ware gurbi 65,000 a shekara, kuma a lokacin sun wadatar.

Da kasuwar intanet ta buɗe, ga fargabar cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000, sai kamfanoni suka yi ca a kan masu rubuta manhaja, musamman 'yan Indiya. A 1998 aka ɗaga adadin zuwa 115,000, aka ɗora wa kamfani dala 500 don horar da Amurkawa. Daga nan kuɗi ya shigo cikin lamarin. A 2000 aka kai gurbin 195,000, amma a 2004 ya koma 65,000, sannan aka ƙara 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in Amurka.

Ƙofa ta tsuke, masu nema na ƙaruwa. A Afrilun 2007 takardu suka zarce adadin tun kwanakin farko, hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta jefa ƙuri'a. A shekarar ce Microsoft ya sanar da buɗe cibiya a yankin Vancouver na Kanada, don ɗaukar waɗanda biza ta hana shiga Amurka. Aikin ne ya bi mutum.

A 2020 aka koma rajista ta intanet a kan dala 10 kacal. Arha ta jawo almundahana: mutum ɗaya, kamfanoni da dama su sa sunansa. A 2023 rajista ta kai kusan 780,000. Hukumar ta koma zaɓen mutum maimakon takarda, kuɗin rajista ya zama dala 215.

A Satumban 2025 shugaba Donald Trump ya sanya dala 100,000 kan sabbin buƙatu. Babban kamfani na iya biya ko ya kai aikin Bengaluru a Indiya. Ƙaramin da ke tasowa sai dai ya haƙura. Adadin 1990 yana nan daram, farashin shiga ne ya yi tashin gwauron zabo.