Rigakafin zazzaɓin cizon sauro: yadda RTS,S da R21 ke aiki, da abin da bincike ya gano

Ranar 22 ga Janairun 2024, a garin Soa da ke kusa da Yawunde, Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta saka allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin alluran da ake yi wa yara a asibiti. Kafin shekarar ta ƙare, Burkina Faso da Benin da Kodebuwa da Nijar da Cadi da Sudan da Najeriya duk sun bi sahu. A Nijar daga Gaya aka fara, a Najeriya daga jihohin Kebbi da Bayelsa, a Sudan kuma daga jihohi biyu, ciki har da Gadarif.

Cutar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da ita sau miliyan 263, ta kuma kashe mutum kimanin 597,000. Kusan dukkan mace-macen a Afirka suka faru, kuma uku cikin huɗu na mamatan nahiyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Najeriya da Kongo Kinshasa da Nijar da Tanzaniya kaɗai sun kwashi fiye da rabin adadin.

Me ya sa aka daɗe ba a samu rigakafi ba?

Ƙwayar da ke kawo cutar, musamman nau'in Plasmodium falciparum mai kisa, tana sauya kamanni sau da dama a jikin mutum. Idan macen sauro ta yi cizo, sai ta zuba ƙwayoyin a fata. Cikin ɗan lokaci su shige hanta, su yi kamar mako guda suna hayayyafa ba tare da an ji komai ba. Daga nan sai su fantsama cikin jini suna fasa jajayen ƙwayoyinsa, a lokacin ne masassara ke tashi. Kowane mataki da irin rigar da ƙwayar ke sawa, shi ya sa garkuwar jiki ke shan wuya kafin ta gane ta.

Alluran biyu da ake da su yanzu duk matakin farko suke tarewa. Suna ɗauke da wani yanki na sinadarin da ke lulluɓe ƙwayar kafin ta kai hanta, an haɗa shi da wani sinadari na saman ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, don haka allurar ba ta sa wa yaro cutar. Aikinta shi ne ta nuna wa garkuwar jiki kamannin abokin gaba tun kafin ya iso. Ana kuma ƙara wani sinadari mai zaburar da garkuwar, wanda ake samo wani ɓangarensa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile.

RTS,S

Kamfanin GSK ne ya ƙirƙiro ta a 1987. An yi babban gwajinta daga 2009 zuwa 2014 a kan yara kimanin 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai. A yaran da aka fara wa suna da wata 5 zuwa 17, ta rage kamuwa da fiye da rabi a shekarar farko. Amma ƙarfinta na raguwa: cikin shekara huɗu, ko da allura ta huɗu, ragin bai kai kashi 40 cikin 100 ba.

A 2019 aka fara ba da ita a wasu yankunan Gana da Kenya da Malawi don a ga yadda za ta yi a asibitocin yau da kullum. Yara fiye da miliyan 2 suka samu. Sakamakon ya nuna mutuwar yaran da shekarunsu suka kai na karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin 100, kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani kuma ta ragu da kashi 22. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021.

R21

Jami'ar Oxford ta Ingila ce ta samar da ita, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta. A Nanoro ta Burkina Faso, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto, aka yi gwajin da ya fito da sunanta: yara 450, kariya kashi 77 cikin 100 a shekara guda. Babban gwajin da ya biyo baya ya ƙunshi yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Inda cutar ke zuwa da damina, kuma aka yi allurar gab da faɗuwar ruwa, kariyar ta kai kashi 75. Inda ake fama da ita duk shekara ta tsaya a kashi 68. Gana ce ta fara ba ta lasisi a Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Oktoban shekarar, Kodebuwa kuma ta fara amfani da ita a Yulin 2024.

Bai dace a ɗora waɗannan alƙaluma kusa da na RTS,S a ce ɗaya ta fi ɗaya ba, domin wurare da lokutan gwajin sun bambanta. Babban fifikon R21 shi ne araha da yawa: kamfanin ya ce zai iya fitar da allura miliyan 100 a shekara.

Allura da maganin damina

Ga mazauna Sahel, bincike mafi amfani shi ne wanda aka wallafa a 2021 daga Mali da Burkina Faso. An kwatanta yaran da aka ba maganin kariya na damina kaɗai, wanda ake kira CPS a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, da waɗanda aka haɗa musu maganin da allurar RTS,S. A rukuni na biyu, kamuwa ta ragu da kusan kashi 63 cikin 100, kwanciya asibiti da mutuwa kuma da kimanin kashi 70. Ke nan allurar ƙari ce a kan gidan sauro da maganin damina. Yaron da aka yi wa ita yana iya kamuwa, don haka duk lokacin da jikinsa ya yi zafi sai a kai shi a gwada jini.

Allura nawa, kuma yaushe?

Huɗu ne, kuma kyauta ake yin su a asibitocin gwamnati na yankunan da shirin ya kai. Kowace ƙasa da jadawalinta. A Kamaru ana yi a wata 6 da 7 da 9 da 24, a Najeriya kuma a wata 5 da 6 da 7 da 15. Ta huɗun ce iyaye suka fi mantawa, alhali ita ke farfaɗo da kariyar bayan ta fara sanyi. Wasu yara kan yi zazzaɓi ko kumburi a wurin allurar na kwana ɗaya ko biyu. Kaɗan daga cikinsu zafin jikin kan kai su ga jijjiga, wannan kuma na bukatar a garzaya asibiti.

Iyalan da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe suna da tambaya ta daban, domin nau'in da ake yi a wannan gefen iyaka ba lallai ne ya zama na wancan gefen ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ƙarasa da nau'in da aka fara idan da hali. Idan babu shi, ko ba a san wanda aka fara ba, a ƙarasa da wanda ke hannu, ba sai an koma farko ba. Katin rigakafin yaro shi ne shaidar da ma'aikacin lafiya zai duba, saboda haka ya kamata ya kasance cikin kayan tafiya.

Abin da ke tafe

Masu bincike sun juya ga matakin jini. A ƙarshen 2024 an wallafa sakamakon gwajin wata allura mai suna RH5 a Nanoro, wadda ta ba da kariya kimanin kashi 55 cikin 100, ana kuma nazarin haɗa ta da R21. A Yulin 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby, maganin farko da aka tsara domin jarirai masu nauyin kilo 2 zuwa 5. A ɗaya gefen, an tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta fara jure wa maganin atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, abin da ya ƙara wa rigakafi muhimmanci.