Wa ya sa wa kasuwar ƴan wasa wa'adi?

A ƙarshen watan Janairu na 2018 ƙungiyar Leicester ta Ingila ta ba da aron Ahmed Musa ga CSKA ta Mosko, gidan da ya baro shekara ɗaya da rabi kafin nan. A Leicester zaman benci yake yi, ga shi gasar kofin duniya ta ƙarato. Ya koma Rasha, ya samu wasa, ƙafa ta saki, a watan Yuni ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu a Volgograd. Duk wanda ya kalli wasan nan a gidan tele bai manta ba. Mu a fadojinmu na Madarumfa mun haddace irin wannan labari, mun san wa aka saya da nawa, mun san ranar da markato ke rufewa fiye da yadda muka san ranar jarrabawa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne wa ya ce akwai lokacin da sayen ɗan wasa ya halatta, akwai kuma lokacin da ya haramta. Na bi sawun abin, sai ya kai ni Ingila, ya kai ni har Amurka wajen wani wasa da ko sandarsa ba mu taɓa riƙewa ba.

A Ingila, tun 1893 ƙungiyoyi suka kafa tsarin da ya ɗaure ɗan wasa. In ka yi rajista da ƙungiya, ko kwantiraginka ya ƙare ba ka da ikon tafiya wata sai ta sake ka, kuma ba ta sakin ka sai an biya ta. Daga nan kuɗin sayen ɗan wasa ya samo asali. A watan Fabrairu na 1905 Middlesbrough tana ƙasan tebur, faɗuwa na kallon ta, sai ta sayi Alf Common daga Sunderland a kan fam 1,000. Ba a taɓa biyan kuɗi haka don ɗan ƙwallo ba. Ta kuwa tsira. Jaridu suka yi ta surutu, wai an mayar da mutane haja, wai mai kuɗi ya sayi abin da ya kasa samu a fili. Daga baya Turawan Ingila suka sa wa'adi a cikin watan Maris, wanda in ya wuce ba ka da damar kawo sabon mutum ya ƙarasa maka kaka. Shekaru da dama aka yi a kan haka.

Amma inda aka fi zurfafa tunani a kan wannan matsala shi ne besbol, wasan Amurkawa na sanda da ƙaramar ƙwallo. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasarsu, kowace tana buga wasa 162 daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, sannan waɗanda suka fi ƙwazo su fafata a Oktoba. Ba a faɗuwa zuwa rukuni na biyu. Saboda haka in Yuli ya yi, ƙungiyoyi sukan rabu gida biyu, masu hangen kofi suna neman saye, waɗanda suka fid da rai suna neman sayar da manyansu su karɓi yara masu tasowa.

A Yulin 1922 ƙungiyar Yankees ta birnin New York tana kankankan da Browns ta St. Louis. Sai Yankees ta ɗauko Joe Dugan daga Boston, ta cike giɓin da take da shi, ta ƙare kaka a gaban Browns da tazarar wasa ɗaya tak. Mutanen St. Louis suka yi ta kuka har shugaban wasan, alƙali Landis, ya ji. Daga 1923 aka ce ciniki ya tsaya ranar 15 ga Yuni. A 1986 aka ɗage shi zuwa 31 ga Yuli.

To, a nan ne abin ya ba ni sha'awa. Ba su toshe ƙofar gaba ɗaya ba, sun bar wata ƴar kafa a watan Agusta, wadda ni nake kira tayin dole. A wancan lokacin, in kana son sayar da ɗan wasa bayan wa'adi, sai ka fara yi wa dukan sauran ƙungiyoyi tayinsa a asirce, a ba su kusan kwana biyu. In ba wadda ta ɗaga hannu, shi ke nan, kowa ya yafe, ka sayar wa wanda ka ga dama. In kuwa ƙungiyoyi da yawa suka nuna suna so, wadda ta fi kowa shan kashi a kakar ita ke da haƙƙi, ana farawa daga ɓangaren gasar da ɗan wasan yake ciki. Mai kaya kuma zaɓi uku gare shi. Ko ya ce albarka ya janye ɗan wasansa, ko ya zauna ya daidaita da wadda ta ɗaga hannun kaɗai, ko kuma ya ce na sallama, ɗauki shi da albashinsa duka. Sannan a lokacin duk wanda bai shiga sabuwar ƙungiya kafin ƙarshen 31 ga Agusta ba, ba ya buga wasannin Oktoba.

Waɗanda suka yi karatun fiƙihu a zaure za su ji abin ya yi kama da shuf'a, inda abokin tarayya a gona ko gida yake da haƙƙin saye kafin bare. Bambancin shi ne a besbol haƙƙin na mafi rauni ne. Mai kuɗi na saman tebur shi ne na ƙarshe a layi. Ni dai ina ganin dabara ce mai kyau, ko da yake ɗan Adam ba a rasa shi da wayo. Ƙungiyoyi suka fara ɗaga hannu a kan ɗan wasan da ba sa so, don kawai kada ya wuce zuwa ga kishiya. A Agustan 1998 San Diego ta yi haka a kan Randy Myers na Toronto, tana tsoron kada Atlanta ta ɗauke shi. Tana jiran Toronto ta ce albarka, sai Toronto ta sallama. San Diego ta wayi gari da ɗan wasan da ƙarfinsa ya tafi, da bashin albashi fiye da dala miliyon goma a wuyanta. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta saifa biyar ba. Duk wanda ya taɓa taya akuya a kasuwar Ɗan Isa don ɓata wa wani ciniki, mai ita ya ce ya sallama alhali aljihu ba komai, ya san yadda abin yake.

Akwai kuma lokacin da kafar ta ba da kofi. Daren 31 ga Agusta 2017, saura mintoci wa'adi ya cika, Detroit ta miƙa Justin Verlander ga Houston. Ya wuce tayin dole ba wadda ta taya, saboda albashinsa ya yi wa kowa nauyi. Wata biyu bayan haka Houston ta ɗauki kofi, shi kuwa yana cikin waɗanda suka ɗauke ta a ka. A 2019 aka soke cinikin Agusta, aka bar wa'adi guda. Tayin bai mutu ba dai, sai dai yanzu ba janyewa. A Agustan 2023 ƙungiyar Angels ta ga kaka ta lalace mata, ta zuba ƴan wasa shida a layi don ta huta da albashinsu, Cleveland ita kaɗai ta kwashi uku.

Duk wannan lissafin masu ƙungiyoyi ne. Shi wanda ake ciniki a kansa fa? Verlander sai da aka nemi yardarsa a daren nan, kuma wannan haƙƙin wani ne ya saya masa da aikinsa. Curt Flood baƙar fata ne, ya yi shekara 12 yana buga wa Cardinals ta St. Louis. A Oktoban 1969 aka sanar da shi an yi musaya da shi zuwa Philadelphia. Ya ƙi tafiya. Ya rubuta wa shugaban wasan cewa shi ba dukiya ba ne da za a saya a sayar ba da son ransa ba. Shari'a ta kai kotun ƙoli, a 1972 ya faɗi, wasansa kuma ya mutu. Amma a 1973 aka yarda cewa wanda ya shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, yana iya ƙin musaya. A 1975 kuma wani mai sasanci ya karya tsohuwar dokar ɗauri da ke nan tun 1879.

Ƙwallon ƙafa ita ma tana da nata Flood ɗin, har biyu. George Eastham ya kai Newcastle kotu, a 1963 alƙali ya ce riƙe ɗan wasa bayan kwantiragi ya saɓa wa doka. Sai Jean-Marc Bosman na Beljiyam, wanda kwantiraginsa da Liège ya ƙare a 1990, ya so tafiya Dunkerque a Faransa, aka hana shi, aka kuma rage masa albashi. Ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga nan wanda kwantiraginsa ya ƙare yake tafiya kyauta. Shi Bosman bai ci moriyar abin ba, ƙuruciyarsa ta ƙare a zaman kotu. Ƙungiyoyi suka tsorata kada ƴan wasa su riƙa ficewa kowane lokaci, aka yi ta ja-in-ja tsakanin FIFA da Tarayyar Turai, a 2001 aka daidaita, daga kakar 2002 zuwa 2003 aka wajabta taga biyu a shekara, babba tsakanin kaka da kaka, ƙarama a tsakiya. Markaton da muke kwana muna sauraro a rediyo ke nan. Wasu yayyenmu sun girme shi.

Yanzu mu dawo gida mu ga yadda dokokin suka taɓa namu. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a Oktoban 2010 kafin ya buga, don FIFA ta hana ƙetare da yaro ƙasa da haka sai a wasu ƴan sharuɗɗa. Ku riƙe wannan, ƴan uwa, domin ranar da wani mai jaka zai zo ya ce zai kai ƙanenka ɗan shekara 15 Turai in an sayar da gona. A Oktoban 2020 Musa ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya, ya yi watanni ba ƙungiya, a Afrilun 2021 kyaftin ɗin Najeriya guda ya sa hannu a Pillars, kaka ta riga ta yi nisa. Ba kuɗin saye, ba mai riƙe da takardarsa. A Yuli ya wuce Turkiyya. Ƴancin da Bosman ya sha wuya a kai ke nan, ya iso har Kano.

Labarin Musa Ma'azu namu na Mena ya fi ɗaci. Daga ASFAN ta Yamai ya tafi Lokeren a Beljiyam a 2008, ya yi ta ci, a farkon 2009 CSKA ta saye shi da kuɗi mai yawa. Daga nan sai aro. Monaco, Bordeaux, a sake komawa Monaco, sai Zulte Waregem. Mutumin da ya ci Masar ƙwallo a Yamai a Oktoban 2010, ya buɗe mana hanyar zuwa gasar kofin Afirka ta farko a 2012, shi ne duk taga ta buɗe sai ya ɗaure kaya. Aron da ya ceci Ahmed Musa shi ne ya hana Ma'azu kafa gindi. Abin aro ba a yi masa tanadi, wanda ya karɓa wata shida kawai yake lissafi.

Ban raina namu ba kuma. Rigimar 1922 muna yin ta duk hutun damina. Unguwa ta lallaɓa da yaranta har wasan ƙarshe, ranar sai ka ga baƙin fuska uku an ɗauko daga Maraɗi ko daga Jibiya, an sa musu riga, yaran da suka sha rana tun farko suna zaune a gefe. A yi ta gardama, wani lokaci har a tashi ba a ƙarasa ba. Maganin da Landis ya samo shekara ɗari da suka wuce bai fi ƙarfin kwamitin gasa ba. Takarda ɗaya ce, sunayen ƴan wasa da hotunansu, a rufe ta ranar da aka fara zagaye na biyu, kowane kyaftin ya riƙe kwafi.

Takarda tana da wani amfanin da ya fi wannan. A cikin daidaitawar 2001 an sa cewa duk ɗan wasan da aka sayar daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Leicester ta sayi Musa a 2016 a kan fam miliyon 16 da wani abu. Kashi biyar ɗin nan ya haura miliyon 600 na saifa. Shekarun 12 zuwa 15 rabonsu ya fi ƙanƙanta, duk da haka kowace shekara ɗaya a cikinsu ta kai wajen miliyon 30 a irin wannan ciniki. Sai dai FIFA ba ta san wa ya saya wa yaro takalmi ba, ba ta san filin lakwal ɗin da ya koyi tare balo ba. Lisans take dubawa, wanda hukumar ƙasa ta yi wa rajista, a wajenmu FENIFOOT. Shekarun da ba a rubuta yaro a ƙarƙashin kowace ƙungiya ba, kocin da ya raine shi a unguwa ba ya da hujjar neman ko dala.