Rabon Zangon Iska: Tarihin Hanyar da Salularmu Ke Bi

'Yan'uwa mambobi, a duk shekara idan bikin kafa ƙungiyarmu ya zagayo, mukan tuna tarihin hanyoyin da muke bi: Maraɗi zuwa Jibiya, Ƙonni zuwa Illela, Magarya zuwa Daura. Bana na ɗauko tarihin wata hanya da ido ba ya gani, amma ta kanta cinikinmu ke wucewa tun kafin mota ta tashi.

Duk wanda ya tashi da sauraron rediyo ya san ana cewa mita kaza a gajeren zango. To ita ma salula rediyo ce ƙarama, kuma a kan irin waɗannan zanguna take aika murya da hoto. Zangunan ba su da yawa. Idan kamfani biyu suka hau zango ɗaya a wuri ɗaya, ba abin da za a ji sai hayaniya. Shi ya sa kowace gwamnati take yanka su tana rabawa, kamar yadda sarkin kasuwa ke raba rumfuna. A Najeriya aikin hukumar NCC ne, a Nijar kuwa na ARCEP.

Sama da su akwai hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa a Paris a 1865 saboda wayar tangaraho, yanzu mazauninta Geneva. Ita ce ke tara ƙasashe su daidaita wane zango za a ware wa wane aiki, kuma ta sa Afirka da Turai a rukuni guda. Dalilin ke nan da salular da aka saya a Kano take aiki a Damagaram ba tare da an taɓa cikinta ba.

Mu dai labarinmu ya soma ne a 2001. A watan Janairun shekarar, NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a Abuja, lokacin Ernest Ndukwe ne shugabanta. Farashi ya tsaya a dala miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet suka biya, aka ware ɗaya ga NITEL. Kamfani na uku da ya ci gwanjon, CIL, ya rasa nasa don bai cika kuɗin a kan lokaci ba, yana kukan cewa zangon da aka ba shi akwai shari'a a kansa. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan matsalar: ba ka zuba kuɗi a rumfar da wani ke cewa tasa ce. Mai kamfanin, Mike Adenuga, shi ne ya dawo da Glo a 2003, ya kawo lissafin kira da daƙiƙa. Kafin nan minti ɗaya naira 50 ne ko da sallama kawai ka yi, layi kuma sai mai hali. Ƙasar da gaba ɗaya layukan wayarta ba su kai rabin miliyan ba kafin gwanjon, cikin 'yan shekaru sai ga waya a hannun ɗan dako.

A Nijar ma a 2001 ne Celtel ya fara aiki, rezo ya riƙa bin manyan garuruwa da kasuwanni sannu a hankali. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda salula ta shiga, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dattawanmu ba su buƙaci bincike ba. Su ne suka daina ɗaukar buhunan gero zuwa kasuwa mai nisa a kan jita-jita.

Abin da ya fi yi mana daɗi ya zo a ƙarshen 2007, da Celtel ya shigar da Nijar da Najeriya da Chadi cikin tsarinsa na One Network: ka ƙetare iyaka da layinka, ka amsa kira kyauta. Kamfanin ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010.

Zuwan intanet a waya ya sake tayar da rabo. A 2007 Najeriya ta sayar da lasisin 3G huɗu, kowane dala miliyan 150. A nan akwai abin da ya kamata mu gane. Zanguna ba ɗaya suke ba. Na sama, kamar megahaz 2,100 ko 3,500, suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa. Na ƙasa, 700 da 800, suna cin dogon zango, suna ratsa bango, eriya ɗaya ta wadatar da ƙauyuka da dama. Waɗannan na ƙasan kuwa gidajen talabijin ne ke zaune a kansu tun da. A Geneva a 2006 aka yi yarjejeniya talabijin ya koma tsarin dijital kafin 17 ga Yuni 2015, don ya matsa ya bar wuri. A taron 2012 ƙasashen Afirka da na Larabawa ne suka matsa lamba har aka amince a ba salula zangon 700. Wa'adin 2015 ya wuce ƙasashe da yawa ba su tashi ba. Najeriya sai a 2016 ta fara gwajin sauyin a Jos.

A Disamba 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon 5G a kan dala miliyan 273.6 kowanne, a zangon 3,500. An yi ta shela. A ganina wannan rabon Legas da Abuja ne. Mai jiran motarsa a Ɗan Isa, yana son tura wa abokin ciniki hoton takardar duwan, zangon ƙasa ne zai fisshe shi.

Saura maganar iyaka. Iska ba ta tsayawa a shinge, don haka ƙasashe maƙwabta sukan zauna su daidaita ƙarfin eriyoyin bakin iyaka. Inda ba a daidaita ba, kana zaune a rumfarka salula ta tsallaka rezon ƙetare, kuɗinka su tafi a farashin baƙo. Wani lokaci tsallakawar kan zama rufin asiri, kamar a 2021 da aka katse sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda tsaro, mutanen bakin iyaka suka koma neman rezon Nijar. A 2017 ƙungiyar CEDEAO ta kafa dokar rage kuɗin kira ga mai ƙetare iyaka, amma aiwatarwa ta yi nawa, kuma tun Janairun 2025 Nijar ba ta cikin ƙungiyar. Duk wani sauƙi a yanzu sai dai hukumomin ƙasashen biyu su shirya tsakaninsu.

Saboda haka ofis ya buɗe littafi. Duk mamban da salularsa ke tsallakawa, ko yake bin hanyar da rezo ke yankewa, ya kawo sunan garin da na kamfanin da ranar da abin ya faru. Idan sun taru, shugabanni za su sa hannu mu aika wa ARCEP da NCC a takarda ɗaya.